'Yan Hagun Aji Huɗu

Tun kafin furfura ta fara leƙo masa a kai yara suka laƙaba masa Kowa-ya-gane, sunan kuma ya bi shi har gida. Dalili kuwa, ba ya gama bayani a aji sai ya juyo daga allo, alli a hannu, ya ce, "Kowa ya gane?" 'Yan aji huɗu su amsa da murya ɗaya, "Eee, Malam!" har kwanon rufi ya ɗauka. Mai shagon bakin layi haka yake kiransa, hedimasta haka yake kiransa, matarsa ma in tsokana ta motsa mata haka take kiransa.

Shi kuwa a ransa ya san ba kowa ne ya gane ba. Fiye da rabin ajin ba su iya karatu ba. Littafin dai sun haddace shi kamar waƙa. Su ga hoton akuya, su zazzago maka shafin tun daga sama har ƙasa, amma ka ɗora tafin hannu a kan hoton, sai raba ido. Cikinsu har da Auta, 'yarsa ta cikinsa, mai zama a bencin kusa da taga. Ga shi baɗi za su shiga aji biyar, inda littafi ba hoto, malami kuma ba ya tsayawa jiran na baya.

Da hutu ya zo, ofishin ilimi na yankin ya kira malamai bita. Malam ya tafi yana jan ƙafa, don ya san irinta: babban ɗaki, fanka mai kuka, wani mai kwat ya yi ta karanto takarda, malamai na gyangyaɗi, a watse kowa ya koma yadda yake. Shi da abokinsa malamin lissafi suka nemi kujera kusa da ƙofa, saboda sulalewa.

Sai ga wata mace ta shigo, 'yar gajera, da takalmi shimfiɗaɗɗe da jaka ƙatuwa kamar ta mai tallan yadi. Ko takarda ba ta riƙe ba. Ta ce ita ce sabuwar mai horar da malamai ta yankin, ta ce a ture tebura gefe.

"Yau ku ne 'yan aji ɗaya," in ji ta. "Wanda ya yi surutu zai fito ya kama kunne."

Aka yi dariya. Ta juya ta zana waɗansu alamomi a allo, na ƙirƙirarta, wannan kamar ƙugiya, wancan kamar tsani, wani da'ira mai wutsiya. Ta karanta su da sauri, ta sa aka maimaita, aka sake maimaitawa har ya zama waƙa. Sannan ta juyo ta ce, "Kowa ya gane?"

"Eee!" in ji ɗakin gaba ɗaya. Malamin lissafi ya zunguri Malam da gwiwar hannu, ya ce, "Ashe kana da ƙanwa a ofis ba ka faɗa mana ba."

Ta goge, ta sake zana alamomin amma ta birkita jerinsu. Ta miƙa alli can baya. "Babana na kusa da ƙofa, tashi ka karanta mana."

Malam ya tashi. Ya dubi allo, allo ya dube shi. Yanzun nan da bakinsa ya ce ya gane, ga shi alamomin sun zame masa sawun kaji a tsakar gida. Kunnuwansa suka ɗauki zafi, ga malamai cike da ɗaki duk sun waigo.

"Zauna, Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Abin nan da ka ji a cikinka, shi yaro yake ji tun daga safe har a kaɗa ƙararrawar tashi. Kullum kuwa."

Daga nan ta juye jakarta, katuna suka zubo. Kowace alama da sautinta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta raba su biyu-biyu, wannan ya ɗaga kati, wancan ya faɗi sauti. Sannan a matso da kati biyu kusa da juna a ji me suka haifa. Kafin rana ta take, Malam ya haɗa kalma. Can ya haɗa jimla sukutum. Bai san lokacin da ya miƙe ba, hularsa ta faɗi ƙasa, yana cewa, "Na karanta! Wallahi na karanta! Ku zo ku gani!"

"To ɗan aji ɗaya, mun ji, a tafa masa," in ji malamin lissafi. Aka kuwa tafa, shi ko a jikinsa, bakinsa har kunne.

Da za a tashi ta ce, "Ku ji da kyau, ni ba sufeto ba ce. Ba na ba da maki, ba na kai ƙarar kowa. Aikina in zauna a kujerar baya in kalli darasi, in an tashi mu zauna ni da malami mu ga inda za a gyara, mako mai zuwa in sake dawowa. Sai dai ni kaɗai ce, makarantu kuma da yawa. Zangon nan azuzuwa kaɗan zan iya ɗauka, waɗanda suka fi buƙata. Zan zagaya in gani da idona. Ajin da na ɗauka, da akwatin katuna da ƙananan littattafai zan riƙa zuwa masa."

Kafin a kai bakin ƙofa malamai sun raɗa mata suna: Kujerar Baya.

Malam ya iso gida yana taka kekensa kamar saurayi. Matarsa tela ce, tana ɗakin gaba tana kan keken ɗinki. Ko zama bai yi ba ya jawo wani tsohon kwali, ya ɗauki almakashi a kan teburinta.

"Kai, kai, Baban Auta! Almakashina na yadi za ka yanka kwali da shi?"

"Maman yara, bar ni. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara riƙe alli. In matar nan ta ɗauki ajina, kafin zango ya ƙare Auta za ta karanta miki duk abin da ke jikin kwalin zare."

"To tun da ka ga yadda ake yi, me zai hana ka yi da kanka? Ba ni almakashina."

Ya kuwa gwada a sauran hutun. Auta ta riƙe sautuka da dama, tana ganin kati ta faɗa. Amma da an zo haɗa biyu sai ta tsaya cak, shi kuma haƙuri ya ƙare masa ya faɗa mata amsar, ta maimaita, gobe a koma inda aka faro.

"Ganin yini ɗaya ba ya sa mutum ya iya," ya ce wa matar. "Ke a yini ɗaya kika iya sa hannun riga? Ai sai da wata ta tsaya a kanki tana warware miki ɗinki. Ni ma mai tsaya mini a kai nake nema. Akwai abin da nake yi ba daidai ba, ni kuma ba na ganin ƙeyata."

Aka koma makaranta. Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa Kujerar Baya za ta leƙo aji huɗu. Hedimasta ya tashi tsaye. Shi mutum ne da ya tsufa yana karɓar baƙin ofis, kuma bai taɓa barin wani ya fita da mugun labari ba. Aka share fili har ƙasa ta yi zane, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka ciro taswirar ofishinsa aka rataya a aji huɗu, aka kai karyayyen benci bayan ɗakin ajiya.

"Ranka ya daɗe, ta ce fa ita ba sufeto ba ce," in ji Malam. "Yadda muke take son gani."

"Kowa-ya-gane, yaushe aka haife ka? Duk wanda ya fito daga ofis da jaka, da idon ofis ya zo. Ka yi mana darasi mai kyau, kada ka zubar mana da mutunci."

To akwai wata ɗabi'a a makarantar nan, wadda ta girmi duk yaran da ke ciki. Tun zamanin da sufetoci ke zuwa da jan biro aka ƙirƙiro ta. In baƙo ya zauna a bayan aji, malami ya yi tambaya, kowa zai ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Malami ya bi 'yan dama yana zaɓa, baƙo ya ga aji kamar daji saboda hannuwa, ya tafi yana yabo. Yanzu ba wanda ke koyar da ita. Yayye ke faɗa wa ƙanne a hanyar gida, kamar yadda ake faɗa musu wane kare ne mai cizo a layi. Malam bai ce a yi ba, bai kuma tuna ya ce kada a yi ba.

Ranar ta zo. Kujerar Baya ta jingine babur ɗinta a ƙarƙashin bishiya, ta gaisa, ta wuce can baya ta zauna a kan ɗan benci, gwiwoyinta har ƙirji. Hedimasta ya tsaya a taga ta waje, hannuwa a baya, kamar mai shan iska.

Malam ya buɗe shafin akuya, ya rubuta jimlar farko a allo. "Wa zai karanta mana?"

Fuu! Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya rage. Kafin kansa ya yi tunani, yatsansa ya riga ya nuna monita, mai hannun dama. Yaro ya karanta tsaf. Tambaya ta biyu, hannuwa suka sake tashi, yatsan ya sake sanin hanyarsa. Abin ya kama tafiya kamar kiɗa: tambaya, hannuwa, amsa, tafi. Ya ɗan waiga taga, hedimasta na gyaɗa kai. Sai daɗi ya ɗebe shi. Muryarsa ta buɗe, yana zagaya aji, yana jefa alli sama yana cafewa, har wasan da bai shirya ba ya yi, yara na dariya.

"Kowa ya gane?"

"Eee, Malam!"

Da aka kaɗa ƙararrawa, Kujerar Baya ta tashi tana kakkaɓe zaninta. "Sannu da aiki, Malam. Kowace tambaya kowa ya ɗaga hannu, kowace amsa kuma daidai. Ajin da na gani yau ba ya buƙatata. Zan kai akwatin inda ake kuka da shi."

Hedimasta ya kama hannun Malam da hannu biyu yana girgizawa. "Ka fitar da mu kunya! Na ce maka ai!" Malamin lissafi ya ce daga yau sai a riƙa ce masa farfesa. Malam ya hau keke yana fito, iska na kaɗa masa riga, Auta a baya.

A gida ya fara ba matar labari tun daga bakin ƙofa, yana kwaikwayon yadda aka tafa. Auta ta ajiye jakarta tana yarfe hannu.

"Ke kuma me ya sami hannun?" in ji uwar.

"Gajiya, Mama. Tun daga farko har ƙarshe hagu, hagu, hagu. Ko sau ɗaya ban huta da dama ba. Amma ban yi kuskure ba, ko Baba?"

Keken ɗinki ya tsaya. Uwar ta sa yarinyar ta yi mata bayanin hagu da dama, Auta ta yi, tana alfahari. Matar ta cire tabarau ta dubi mijinta.

"To ita matar me ta ce?"

Fiton ya riga ya mutu a bakin Malam. A hankali ya ce, "Ta ce ajin ba ya buƙatarta."

"Madalla. Wato likita ya tako har gida, ka tura maras lafiya ƙarƙashin gado, ka ce kowa lafiya lau. Ya tafi da maganinsa, kai kuma ka dawo kana mana fito. Ka dusashe mini almakashi a banza, Kowa-ya-gane."

Ya dubi Auta, ta riga ta jawo katunan kwali tana jera su a tabarma, tana faɗin sautinsu ɗaya-ɗaya, ba ta san ubanta ya sallami mai akwatin ba.

Washegari ana tashi daga makaranta bai nufi gida ba. Ya tambaya aka ce Kujerar Baya tana makarantar da ke tsallaken layin dogo, kuma ƙarshen makon nan za ta kai wa ofis sunayen azuzuwan da ta zaɓa. Ya taka keke har sarƙa ta fita, ya tsaya ya mayar, hannu duk baƙin mai, ya ci gaba. Ya same ta tana ɗaure jaka a bayan babur.

"A'a, Babana na kusa da ƙofa! Lafiya, irin wannan haki?"

"Malama, ki dawo."

"In dawo ina? Ai na gani."

"Ki dawo dai. Kada ki aiko, kada ki faɗa wa kowa, ko ni kada ki faɗa mini. Ki faɗo mana kawai."

Ta ja igiyar jakar ta ƙulle, ba ta dube shi ba. "Malam, abin da aka nuna mini shi nake kaiwa ofis. Ba na shiga aji da ƙarfi in ce wa malami yana da matsala, don wanda aka yi wa haka ba ya gyaruwa, gaisuwa kawai yake ƙarawa. Jiya an nuna mini aji ɗaya. In akwai wani ajin a cikin ɗakin nan, mai shi ne zai nuna mini."

"Akwai."

"Babba ne?"

"Ya fi wanda kika gani."

Sai a lokacin ta ɗago, da ɗan murmushi a gefen baki. "Hanyata ta ofis ta gabanku take bi. In na ga ƙofa a buɗe, ƙila ƙishirwa ta kama ni."

Ya dawo gida yana waƙa, matar ta ce, "Mutumin nan kwanan nan sai an riƙa ɗaure shi."

Da safe ya rufe ƙofar aji, ya ce wa yara, "Ku saurara. In baƙuwar nan ta dawo, wanda bai san amsa ba kada ya ɗaga hannu. Ko dama ko hagu. Ya zauna abinsa. Kowa ya gane?"

"Eee, Malam!"

Monita ya ɗaga yatsa. "Malam, gwada mu kake yi, ko?"

"Ba gwaji ba ne, da gaske nake."

Yara suka dubi juna suna ƙunshe dariya. Sun san malamai da irin wannan tarkon.

Ranar ƙarshe ta mako, ana tsakiyar darasi, aka ji ƙarar babur. Filin makaranta duk ganye, taswira ta koma ofis, karyayyen benci ya dawo an tokare shi da bulo. Kujerar Baya ta shigo da sallama ta wuce baya ta zauna. Ba a jima ba sai ga hedimasta a taga, yana gyara hula, numfashi sama-sama, yana yi wa Malam alama da ido: me ya faru, wa ya kira ta?

Malam ya kau da kai daga taga. Ya rufe littafin akuya ya kife shi a tebur. Ya ɗauki alli ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, wadda babu ita a littafin, babu kuma hoto.

"Wa zai karanta? Ku tuna abin da na ce."

Fuu! Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Maganarsa ta safiya ɗaya ina za ta kayar da abin da yayye suka gada? Ga 'yan dama tsiraru, sun miƙe har suna ɗaga duwawu daga benci. Ga 'yan hagu birjik, fuska a sake, hankali kwance, sun san ba mai taɓa su. Yatsansa ya fara tafiya wajen monita da kansa. Ya kama shi da ɗaya hannun, kamar mai kama akuyar da ta nufi gonar mutane, ya juya shi taga.

"Auta."

Monita ya duƙo yana raɗa da ƙarfi, raɗar da har na bayan aji ya ji: "Malam! Hagu ce! Hagu ta ɗaga!"

"Na gani. Ita nake so."

Tari ya sarƙe hedimasta a taga. Auta ta miƙe a hankali, hannun hagun har yanzu a sama, ta manta ta sauke. Ta dubi ubanta irin kallon wanda aka ci amanarsa, idanunta sun kawo ruwa.

"Zo nan, uwata, ba duka ba ne." Ya zaro katunan kwali daga aljihu. "Manta da allo. Wannan fa?"

"Zzz," in ji ta.

"Wannan?"

"A."

"To haɗa su."

Ta tsaya cak, daidai inda take tsayawa kullum. Shirun ya yi masa nauyi. Ga hedimasta, ga baƙuwa, ga yara. Amsar ta hau kan harshensa, ya buɗe baki zai faɗa mata kamar yadda ya saba. Sai idonsa ya kai bayan aji. Kujerar Baya ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Sannan ta ɗaga tafukanta biyu nesa da juna, ta riƙa matso da su sannu-sannu har suka haɗu.

Malam ya haɗiye amsar. Ya raba katunan nesa, ya ce, "Ja na farkon, kada ki sake shi sai ya taɓa ɗan'uwansa." Ya fara matso da su. "Zzzz..." in ji Auta, tana bin katin da ido, "zzzz... a. Zzza. Za!"

"Riƙe shi! Kada ya gudu!" Ya zaro wasu biyu, garin sauri ɗaya ya faɗi, wata yarinya ta miƙo masa. Wannan karon bai ce komai ba, ya matso da su kawai, ya ciji leɓe.

"Rrr... e. Re."

Ya nuna allo. Auta ta dubi kalmar, leɓunanta na motsi. Ba wanda ya yi tari, har hedimasta. Can sai idanunta suka buɗe wangale.

"Za... re. Zare! Zare ne! Baba, zaren Mama ne!"

Ajin ya fashe. Ana buga benci, ana tsalle, bulon da ya tokare karyayyen benci ya goce, yara uku suka zube ƙasa suna dariya. Malam ya jefa alli sama, bai ma nemi cafewa ba. "Ba ni na faɗa mata ba! Kun gani, ban faɗa mata ba!" Ya goge allo da hannun riga, ya rubuta wata kalmar. "Saura wa?"

'Yan hagu suka tashi kamar za su tsinke kafaɗa. "Ni, Malam! Ni ban sani ba! Wallahi ni na fi shi rashin sani!" Monita ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga kasuwa ta koma can, a hankali ya sauke damarsa ya ɗaga hagu.

"Kai, sauke, maƙaryaci, ka iya!" in ji na kusa da shi.

Ko da aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya nufi ƙofa. Waɗansu sun haɗa, waɗansu sun kasa, wani yaro ya tsaya a sautin farko har ƙarshe, amma ya koma benci yana maimaita shi kamar an ba shi kyauta.

Hedimasta ya shigo yana murza hannu. "Malama, a yi haƙuri, yau ba a shirya ba ne. Ba haka ajin yake ba, ai kin gani rannan..."

"Ranka ya daɗe, wannan ajin nake nema tun rannan," in ji ta. "Ni ma a irin bencin nan na zauna. Har na kai aji biyar hannun haguna ya fi na dama ƙwari."

Hedimasta ya zaro ido. "Wato kin sani?"

"Akwai malamin da bai sani ba a yankin nan? Ku dai kada ku kashe ɗabi'ar, tana da amfani. Yaro ya faɗa maka da kansa bai gane ba, ba kunya, ba tsoro, me ya fi wannan? Wanda ake kira ne kawai za a sauya."

"To sunan makaranta fa, a ofis?"

"Zan ce na sami makarantar da ta buɗe mini ƙofa. Ba su da yawa." Ta juya wajen Malam. "Mako mai zuwa zan zo da akwatin, kuma kowane mako za ka gan ni har ka gaji da ni. Gyara yana da yawa, Baba. Kana da saurin ba da amsa, kana tsayawa gefe ɗaya na aji, katunanka kuma wa ya yanka maka su haka a karkace?"

"Almakashin ne ba kaifi," in ji Malam, yana dariya har da hawaye. "Ki faɗi duka, Malama, ki warware ɗinkin gaba ɗaya!"

"Ɗaya-ɗaya ake yi. Aikinka na makon nan guda ne: tambayar nan taka ta ƙarshen darasi, ka ajiye ta."

"Wacce?"

"Ka san ta."

Ya dafe ƙirji. "Haba Malama, sunana ke nan fa! In na bar ta, da me za a riƙa kirana?"

"Yara ba sa rasa suna."

Ta rataya jaka ta nufi ƙofa. Yaran na nan zaune, ba wanda ya fita hutun tara, Auta ta rungume katunan kwali a ƙirji tana jiran a tashi ta kai wa uwarta labari. Malam ya juyo gare su, ya tsinci guntun alli a ƙasa, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Kowa ya..."

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya. Ya tsaya, ya haɗiye, ya sake shaƙar iska.

"Wa bai gane ba?"

Hannuwan hagu suka tashi har bayan aji. Malam ya naɗe hannun riga, ya nufi na can ƙarshe.